Watannin da Na Koyi Yin Shiru

Ni mace ce mai surutu, wannan ba sai wani ya faɗa mini ba. Marigayi maigidana yakan ce ko mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya fi ni hutawa, don shi in wuta ta ɗauke yakan yi shiru. Aji uku na yi a garinmu kafin aure ya kawo ni Jidda, shi ya sa rubutun nan nawa yake tafiya kamar tsohuwa a kan matakala. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina zaune a kicin, hawa na uku a unguwar Bani Malik, na san takun kowa a benenmu. Na san mai gas tun yana bugun tukunyarsa a layin baya. Na san ranar da maƙwabciyata Hajja, Bahaushiyar Sudan, ta yi faɗa da surukarta, daga yadda take ajiye murfin tukunya. Fita ce ba na so. Tun da muka taso daga Hindawiyya, in ka ga ƙafata a waje to asibiti ne ko gaisuwar mutuwa.

Da 'yata nake zaune, da mijinta, da 'yarsu guda. 'Yar fari ce, ban taɓa kama sunanta ba, kuma ba a takarda zan fara ba. A wurin aiki mushrifa suke ce mata, wato mai duba aikin wasu. A makarantun gwamnati na 'yan mata na sashenmu akwai malamai mata da aikinsu gyara wa yara magana ne: mai i'ina, mai harshen da ya ƙi wasu haruffa, mai jinkirin buɗe baki. To ita ce a kansu. Malaman ba su kai yawan makarantun ba, sai ta riƙa yanka musu mako kamar naman layya, wannan Lahadi a nan, Talata a can. Da ta idar da sallar asuba za ta cika fulas da shayi ta ɗauki makullin mota. In ta isa makaranta sai ta shiga ɗakin, ta zauna a baya a kan kujerar yara, gwiwoyinta kusa da haɓa, tana kallo tana rubutu. Da yamma ta dawo ta zube a tabarmar ɗakina tana ba ni labari, rabi Larabci rabi Hausa, don Hausar tata a kunne take, ba ta cika saukowa baki ba. Yau ta tarar an kai malama ɗakin ajiyar tsintsiya. Gobe wata shugaba ta ari madubin koyar da yara ta rataye a ofis. Ni ban san makarantun ba, amma ina ganinsu a raina, a jere kamar jiragen ruwa a tasha, kowace da ɗan ɗakinta inda wata yarinya ke kallon bakinta a madubi.

Sai ga shi a gidan mai gyaran magana aka haifi wadda ta ƙi magana.

Jikata, wadda nake kira ƙawata, ta kai shekara biyar ba ta ce Umma ba, ba ta ce Baba ba. An gwada kunnenta, lafiya lau. In ka ce ta ɗauko takalmi za ta ɗauko. Baki ne a rufe. Sai dai wani guɗa-guɗa da take yi ta hanci, mmm, mmm, leɓe a haɗe, tun safe har barci, kamar kurciyoyin da ke kan akwatin mukayyif. Hajja ta ce a ba ta sauran ruwan da aku ya sha. Wata ta ce a duba ƙarƙashin harshe. Zamzam kam mun ba ta har ba adadi. Uwarta ta gwada duk abin da ta sani a gida, amma yarinya da ta ga an fito da katunan hotuna sai ta shige bayan zanena.

Akwai jerin sunayen yaran da ke jiran a duba su, kuma a hannun uwarta jerin yake. Na ce mata wata rana, "Ke da wuƙa da nama duk a hannunki, ki ɗora ƙawata a sama mana."

"Umma, in na ɗora tawa, da wane ido zan kalli wadda take jira tun bara?"

"Da idon da kike kallona da shi yanzu."

"La, Umma. Halas, magana ta ƙare. Ta bi layi."

Ta kuwa bi. Layin ya kawo ta ƙarshen hutun zafi, gab da buɗe makarantu, kuma daga gwajin ranar ne za a san inda za ta zauna. Ko makarantar da ke bayan gidanmu, wadda nake jin ƙararrawarta daga taga, inda jikokin Hajja suke zuwa riƙe da hannun juna. Ko wani aji na musamman can arewacin gari, mota ta ɗauke ta tun rana ba ta fito ba. Uwarta ta ce ajin ba laifi gare shi ba, ita da kanta take duba shi. Ni dai na san ƙawata ba ta cin abinci sai na zauna kusa. Wata huɗu suka rage mana.

Wata Asabar ina aikina, sai na ga 'yata ta jawo kujerar tsakar gida ta zauna a lungun kicin da littafi da biro.

"Me kike rubutawa?"

"Yi aikinki, Umma. Ki ɗauka ba na nan."

"Au, yau ni ce malamar? To a rubuta cewa albashina ya makara shekara talatin."

Ba ta yi dariya ba. Sa'a guda tana kallonmu ni da ƙawata. Da ta rufe littafin sai ta ce in zauna, ta riƙe hannuna, abin da ba ta saba ba.

"Umma, ba ke kika jawo mata ba. Ki ji wannan tukuna. Amma kafin ta kalli kofi kin zuba ruwa. Kafin ta taɓa ƙofa kin buɗe. Ke ce mai tambaya, ke ce mai amsawa. Wanda aka yi wa komai, me zai ce?"

"To in bar ta da ƙishi?"

"Ki ɗora kofin a saman firji. Ki durƙusa ki kalle ta. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce uffan. In za ki yi magana, kalma ɗaya, ko biyu."

"Kalma biyu? Ni? Ko sallama ta fi haka tsawo."

"Haka nake sa malamaina su yi, kuma su ma kuka suke."

Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Ranar ko tuwon da na tuƙa ban ci ba. Amma washegari da ta fita aiki na ɗauki kofin roba mai ruwan hoda na ɗora a saman firji.

Ƙirga goma ba ta zauna mini ba, ina kai huɗu bakina ya buɗe da kansa. Sai na mai da ita tasbihi, subhanallahi goma a gaɓoɓin yatsu. Wannan ya fi riƙe ni, don ba ka katse tasbihi ka ce wa yaro ga ruwa.

Zafi ya shigo sosai. Wanda ya san Jidda ya san lokacin da iskar teku ke zuwa a jiƙe, gilashin taga ya yi gumi, gari ya zama kamar ana kallonsa ta cikin tururin tukunya. Mu biyu ne a gidan tun safe har la'asar, labule a sake. Ban taɓa sanin gidanmu yana da sauti haka ba. Firji yana da numfashi, yakan ja ya saki. Ruwa na tafiya a cikin bango zuwa hawa na huɗu. Can ƙasa tankar ruwa na ja da baya tana kuka. Na kan zauna a ƙasa, bayana jingine da kabad, ƙawata na jera murafan kwalba a kan tayil, sai in ji kamar gidan ya tashi da mu a hankali yana shawagi a kan unguwa, mu da kurciyoyi. Wani lokaci ban san ko barci nake ko ido biyu ba. Muryoyin da na daɗe ban ji ba suka riƙa zuwa: ta mahaifiyata tana kiran awaki, ta matan Hindawiyya a kan soro suna shanya, ta maigidana yana gyaran murya a matakala.

A cikin irin wannan zaman ne kalangu ya dawo mini. Ina yarinya, ranar kasuwar garinmu akwai mai kalangu da ke tsayawa a rumfar mahauta. Gwaggona takan tsaya da tallanta a ka ta ce, "Ji, yana cewa an yanka sa mai ƙiba." Ni kiɗa kawai nake ji. Ta ce in daina neman kalma, in bi hawa da saukar muryar. Ran da kunnena ya buɗe, sai na ji fatar nan tana Hausa tiryan-tiryan.

Ina cikin wannan tunani ƙawata ta zo ta tsaya gaban firji. Na durƙusa, na fara tasbihina. Ta kalli kofi, ta kalle ni, ta yi guɗarta ta hanci. Na kai subhanallahi na shida ta sake yi, daidai irin na farko, ba ƙari ba ragi. Gaɓa shida, ta hau inda ake hawa, ta sauka inda ake sauka. Kaka, ba ni ruwa.

Yatsana ya tsaya a kan gaɓa. Na ce a raina tsufa ne. Na miƙa mata ruwan, na je na rufe ƙofar ɗakin wasanta da gangan, na dawo na zauna. Ta je ta taɓa ƙofar, ta waiwayo, ta yi wata guɗar daban, gajera. Buɗe mini. Yinin nan kaf ban ɗora tukunya a kan lokaci ba. Ina biye da ita daga ɗaki zuwa ɗaki kamar mai bin tsuntsu. Ashe duk maganar da na shekara biyar ina zuba mata tana nan a cikinta, ta ɗauki waƙar ta bar kalmomin. Ashe kuma shi ya sa nake riga ta zuba ruwa. Kunnena ya daɗe yana ji, ni ce surutu bai bar ni na san ina ji ba.

Ban faɗa wa uwarta da yamma ba, na bari sai da safe. Ta saɓa jaka, ta ɗauki fulas, ƙawata ta biyo ta bakin ƙofa kamar kullum tana guɗa.

"Tsaya," na ce. "Kin ji abin da ta ce miki?"

"Umma, na makara, yau makaranta uku gare ni."

"Cewa ta yi a dawo lafiya."

Na faɗe shi a hankali, sannan na rufe bakina na yi shi ta hanci. Ƙawata ta kalle ni, ta maimaita. 'Yata ta tsaya da makulli a hannu. Kullum ni nake faɗin haka in za ta fita, kullum kuma yarinyar na yi a bayana, fiye da shekara.

"Wannan ba hujja ba ce, Umma," ta ce. "Sai na gwada."

Ta kuwa gwada, don ita ko ni uwarta ba ta ɗaukar maganata sai da gwaji. Da la'asar ta juya ni ina kallon bango kamar mai laifi. Tana nuna wa yarinya abu a bayana, yarinya na guɗa, ni ina faɗa. Cokali. Takalmi. Kurciya. Na faɗi biyu ba daidai ba, don akwai kalmomin da waƙarsu ɗaya ce, ko mai kalangu ya san haka. Sauran duk na ci. Da muka gama ta shiga banɗaki ta saki famfo ya daɗe yana zuba.

Da ta fito ta koma mushrifa. Ta ce abin farin ciki ne, amma makaranta ba ta da kaka a kowane aji, dole bakin ya buɗe. Ta tsara mana aiki. In ƙawata ta yi guɗa, in nuna na ji, in mayar mata da kalmar a kan waƙarta, baki a buɗe sosai, yatsanta a kan leɓena. Sannan in yi shiru in jira. Abin ya yi tafiyar hawainiya. Sati uku kafin leɓenta ya rabu, kuma abin da ya fito ba wani abin a zo a gani ba ne, "ba" ce kawai, a shaƙe, kamar ɗan akuya. Na yi goma uku ina tasbihi don kada in yi guɗar biki in tsorata ta. Bayan "ba" sai "zo", sai wani abu mai kama da ruwa. Wasu ranakun ta koma hancinta gaba ɗaya, ni ma in koma ɗaki in yi kukana.

A wajen aiki kuma 'yata ta tara malamanta. Ta ce musu daga yau kada wadda ta rubuta cewa yaro ba shi da kalmomi sai ta tambayi da wane harshe ake magana a gidansu, wa ya fi gane shi, kuma a kira mutumin ya zo ya zauna. Ta ce wata a cikinsu ta ɗaga hannu ta ce, "Ya abla," wato malama, "yanzu ɗakunan namu da ko mu ba su ishe mu ba, tsofaffi za mu cika su da su?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta tanadi kujera babba da shayi."

Ranar gwaji na ciro abayata daga ƙasan akwati, tana warin turaren da na sa mata tun wata gaisuwa. Hasken waje ya kashe mini ido. 'Yata ta kai mu har ƙofar makaranta ta kashe mota, ta ce ita a nan za ta tsaya. Wadda za ta yi gwajin a ƙarƙashinta take, in ta shiga malamar ba za ta iya rubuta gaskiya ba.

"Umma, ki tuna."

"Na sani. Goma."

"Ko ashirin ne. Kada ki fassara sai an tambaye ki."

Ɗakin ƙarami ne, ga madubi, ga kujerun yara, ga kujera babba guda a gefe. Malamar yarinya ce siririya, 'yar Jidda, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Ta san 'yar wa aka kawo mata. Ta ce mini, "Tafaddali ya khala," wato bismillah inna, na zauna. Ta fito da hotuna, ƙawata ta nuna duk abin da aka ce ta nuna. Da aka zo wajen faɗa, sai hanci. Malamar na rubutu, ni ina jin kowace kalma sarai, ina haɗiye ta kamar ƙwayar magani.

Sai ta ɗauko wata 'yar kwalba ta ruwan sabulu, ta hura, ƙwallayen kumfa suka cika ɗakin suna yawo a gaban madubi, kowace da taga a cikinta. Ƙawata ta miƙe tana kama su. Malamar ta murɗe murfin tam, ta ajiye kwalbar a tebur, ta naɗe hannu.

Ƙawata ta gwada murfin, ya ƙi. Ta kawo mini, ta ɗora a cinyata, ta yi guɗa. Na ji ta. Ta san na ji ta. Na ɗauke kai na kalli bango, na fara lissafi a yatsu. Goma ta wuce. Ta ja abayata, ta sake yi da ƙarfi, muryar na neman karyewa. Ban taɓa yi wa wani mahaluki abin da ya yi mini wuya kamar wannan ba. Ashirin ta wuce. Kumfa ta ƙarshe ta sauka a kan takalmina ta fashe. Na shiga goma ta uku, idona ya cika, bangon ya narke.

Sai na ji nauyin kwalbar ya bar cinyata. Takunta uku zuwa tebur.

"Bu-e."

A shaƙe ya fito, harafin tsakiya ya faɗi a hanya, amma baki a buɗe. Malamar ta dube ni.

"Esh galat, ya khala?" Wato me ta ce.

"Cewa ta yi ki buɗe," na amsa da Larabcina na kicin, ban ƙara ko kalma ba.

Ta buɗe. Ta sake rufewa, aka sake ce mata. Kafin mu tashi ta samu "zo" da "ba ni" da ruwa, ta kuma sa na juya baya ta gwada ni da guɗar kamar yadda uwar ta yi, tana dariya tana rubutu.

Mun tarar da 'yata a mota, gilashi a buɗe cikin wannan zafi, ta manta ba ta kunna mukayyif ba. Na miƙa mata takardar. Makarantar bayan gida, aji tare da kowa, zama da malamar gyaran magana sau biyu a mako, a sake dubawa bayan zango ɗaya. Ta karanta sau biyu. Ta ce malamar ta bar layi ɗaya ba ta cike ba, ta zaro biro, ta dube shi, ta mayar jaka. Sannan ta kifa goshinta a kan sitiyari. Ni kuwa na buɗe baki tun daga ƙofar makarantar, ban rufe ba har muka hau hawa na uku, kuma ba wanda ya ce in ƙirga komai.

Yanzu ƙawata tana aji biyu. Har yau wasu haruffan na yi mata gardama, tana kuma zuwa ɗakin madubi ranar Litinin. Larabci ya fi yawa a bakinta, na makaranta da na ƙawaye, Hausar sai in ta ga dama ko tana son wani abu a wurina. Guɗar nan ta hanci ta tafi gaba ɗaya, ban ma san ranar da ta yi ta ƙarshe ba. Uwarta ta ce haka ake so, ni ma na ce alhamdulillahi. Amma da hantsi, in gida ya rage ni kaɗai, nakan bar abin da nake yi in tsaya a tsakiyar kicin ina saurare. Wannan ban faɗa wa uwarta ba.